Kilo Biyar Tsakanina da Seruji

Litinin, 7 ga Yuli, bayan La'asar

Tamanin da ɗaya. Na cire takalmi, na cire agogo, na ajiye jaka, har numfashi na fitar kafin in hau, amma sikelin asibitin nan bai ji tausayina ba. Nas Magdalen ta rubuta, ta ce, "Napsiah, kin yi ƙoƙari, saura biyar. Saba'in da shida suke so." Na tambaye ta ko za a cire nauyin mayafi. Ta yi dariya. Ni kuwa ba wasa nake yi ba.

Sun ba ni zuwa sha takwas ga Agusta. In na kai, za su sa mana rana, su cire ƙodata ɗaya su dasa wa ƙanena Seruji. In ban kai ba, sai baɗi. Likitan ya faɗi wata magana a kan zuciyar Seruji da baɗin, ba zan rubuta ta a nan ba.

Wata huɗu ke nan ina wannan fama. To, a hanyar dawowa, ina cikin jirgin fiton da a da Seruji ne ke tuƙa shi, muna tsakiyar kogi, me nake tunani? Ba shi ba. Soyayyar ayaba. Wadda aka tsamo daga mai yanzun nan tana ƙara, a kwarara mata gula apong, baƙin sukarin nan mai danƙo, har ya biyo yatsa. Allah Ya shirye ni.

Laraba, 9 ga Yuli, da hantsi

Duk wanda ya ce mai gasa kek ta rage ƙiba, ba ya ƙaunarta. Tun da mijina ya rasu na dawo gidan mahaifiyata, kek lapis nake yi muke ci. Ki zuba hawa ɗaya, ki gasa, ki danne, ki shafa bota, ki zuba na gaba, haka har yini ya ƙare, fuskarki a bakin tanderu, ƙamshi yana shiga har cikin gashinki. Sai a zo datse gefe. Shekara ashirin gefen nan nawa ne, da zafinsa nake ci a tsaye. Yanzu tarawa nake yi a roba in ba maƙwabta.

Mak, mahaifiyata, tana zaune a bakin ƙofar kicin tana gadina. Da na ɗauki robar sai ta ce, "Taɓa."

"Mak, ban ce ina so ba."

"Idonki ya ce. Taɓa, na ce."

Na taɓa da yatsa na kai leɓe. Haka muka tashi a bakin kogin nan. In an miƙo miki abinci, ko ranki ya biya ba ki ci ba, to ki taɓa kafin ki fita. In kin fita ba ki taɓa ba, kempunan ya hau kanki, sai abin da ya tare ki a hanya: maciji, santsi, mota, ruwa. Babanmu ya bar kofinsa a kan tebur bai kurɓa ba ranar da jirginsa ya kife. Ustaz ya ce babu wannan a addini, kuma na yarda da shi, amma da idona na ga ya shafi bakin faranti a gidan biki kafin ya tashi.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne, abincin da ke gabana zan iya taɓawa. Wanda ke cikin kaina fa? Shi ne mai yawan.

Alhamis, 10 ga Yuli, bayan Magariba

Kifi dafaffe da kokwamba. Na tauna a hankali kamar yadda nas ta ce. Bai ƙaru ba.

Asabar, 12 ga Yuli, da azahar

Tun Asuba laksa, taliyar rumfar dattijo Pak Bujang, ta shigo kaina ta shimfiɗa tabarma. Romon nan ja mai kauri, taliya siririya, jatan lande a sama, a matsa lemun tsami. A cikin sallah ma sai da na rasa raka'a ta nawa nake. Mak ta saba tambayata kowace safiya, "Yau me ranki ya biya?" Na ce babu. Ta kalle ni kawai. Na ce laksa. Ta ce, "Ɗauki mayafinki ki je ki taɓa."

Na haye kogi takanas, na yi layi, na sayi kwano guda, na sa yatsa a bakin romon na kai leɓe, na tura wa wani mai dako da ke kusa. Pak Bujang ya ajiye ludayi.

"Siah, laksata kika zo shafawa? Jariri ce?"

"Pak, ka karɓi kuɗinka ka yi shiru."

"Shekara nawa kina cin kwano biyu a teburin nan, yau kin zo gaisuwa. Ko dai na ɓata miki?"

Duk rumfar aka kwashe da dariya, ni ma na yi. Amma gishirin nan ya zauna a leɓena har gida, kuma kafin jirgi ya kai gaɓa kifin terubuk mai gishiri ya shigo kaina, soyayye, da shinkafa mai zafi. Ba zan iya zagaye garin Kuching ina shafa abincin mutane ba. Ko nawa na taɓa, wani yana bayansa. Ina tafe ina duba ƙasa ko akwai maciji.

Talata, 15 ga Yuli, bayan Asuba

Saba'in da tara a sikelin gida! Na sauka na sake hawa, bai canza ba. Na yi sujada.

Na faɗa wa Mak, ta ce alhamdulillahi, ba ta ɗago daga tsince shinkafa ba. Can ta ce in bar mata girkina, wai aikin tanderu ya ishe ni, za ta riƙa dama mini kunun shinkafa da ganye, ba mai ba komai, da shayin ganye mai ɗaci. Na ji daɗi. Tun da aka fara maganar nan ba ta taɓa sa hannu a ciki ba.

Alhamis, 17 ga Yuli, bayan Magariba

Kunun Mak akwai daɗi. Yunwa ce take sa komai daɗi.

Lahadi, 20 ga Yuli, da safe

Saba'in da tara.

Laraba, 23 ga Yuli, da hantsi

Saba'in da tara. Na matsar da sikelin daga ɗaki zuwa kan siminti, na juya shi, na canza masa batir. Saba'in da tara.

Kullum bayan Asuba ina bin bakin kogi da sauri har masallacin ƙauye na gaba in dawo, ina haki kamar tsohuwar saniya. A hanyar akwai gida uku masu suyar safe, na san kowanne da ƙamshinsa. Na fara toshe hanci, sai na tuna toshe hanci ma shaida ce raina ya biya.

Kowa ya zama mai awona. Matan unguwa in mun gaisa sai sun bi ni da ido daga kafaɗa zuwa ƙugu. Hasmah matar Seruji ta daina kallon fuskata, damtsena take kallo. Ba ta cewa komai, baiwar Allah, sai "Kak, sannu da ƙoƙari." Kak, wato Yaya, haka suke kirana ita da mijinta. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Jiya na yi mafarkin na cinye kek guda ni kaɗai. Na farka ina kuka, ina lalube bakina ko akwai maiƙo.

Juma'a, 25 ga Yuli, bayan La'asar

Na je duba Seruji da safe, don yau ba ranar wankin ƙodarsa ba ce. Yana kwance a baranda, ƙafafunsa a kan matashi, sun kumbura sun yi sheƙi. Bakin nan dai yana nan.

"Kak, wannan ce ramar? Ni ban ga inda aka rage ba. Ko daga kunne aka fara?"

"Rufe mini baki. Saboda kai nake cin ciyawa kamar akuya."

"To ki kula mini da kayana. Ta hagu nake so, kar ki ba ni wadda ta sha bota."

"Duk sun sha. Ka karɓa haka ko ka bari."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Tarin ya daɗe. Ni da Hasmah muka zuba wa kogi ido har ya lafa.

Hasmah ta kawo mini kofi da soyayyar ayaba, don ba a zuwa gidan mutum a tashi haka. Na kawar da kai ina ta zuba surutu don kar in kalli farantin. Sai waya ta shigo, mai odar biki tana jirana a gida, na miƙe a gurguje. Sai da jirgi ya kai tsakiyar ruwa na tuna ban taɓa ba. Ayabar da na yi kwana da kwanaki ina tunani, an ajiye ta a gabana, na fita ban taɓa ba.

Na riƙe gefen jirgi da hannu biyu. Na sauka lafiya. Na iso gida lafiya. Ina zaune ina jira.

Juma'a, bayan Magariba

Sun tafi da Seruji asibiti. Numfashi.

Asabar, 26 ga Yuli, da safe

Hasmah ta bugo tana kuka, a cikin kukan ta faɗa wa Mak na je jiya. Mak ta ajiye wayar ta juyo.

"Ta ba ki wani abu?"

"Kofi da ayaba."

"Kin taɓa?"

Na girgiza kai. Ta shiga ɗaki ta ja ƙofa. Ni ya kamata abin ya samu, ni na fita. Ko da yake jini ɗaya ne, shi ya sa ma likitoci suka zaɓe ni. Ban sani ba ko abin yana bin jini. Ba ni da wanda zan tambaya.

Kuma ina wannan rubutu ina jin yunwa. Ƙanena yana can da roba a hanci, ni ina tunanin ayabar ko Hasmah ta zubar. Wace irin mutum ce ni?

Talata, 29 ga Yuli, bayan La'asar

Sun bar ni na gan shi. Ya faɗa, muryarsa ta dushe. Na fara ba shi haƙuri a kan farantin, ya ɗaga hannu.

"Kak, bar ayabarki. Kwakwa na sha."

"Me?"

"Ɗanya. Biyu. Bayan kin tafi Hasmah ta je kasuwa, mai kwakwa ya wuce a jirgi, na kira shi. Kar ki faɗa mata."

Shi da aka hana ruwan kwakwa tun farkon ciwon, aka ce yana iya tsayar masa da zuciya. Shi da ake auna masa ruwan sha a ƙaramar kwalba. Na ɗaga hannu zan mare shi, na rasa inda zan mara, ko'ina waya ce.

"Uji, kana hauka ne?"

"Shekara biyu ina taɓawa, Kak. Na taɓa kwakwa, na taɓa ayaba, na taɓa kifi, yatsana ya ƙoshi. Ranar nan na ce ko sau ɗaya." Ya maida numfashi. "Kin san abin da zan fara yi in an gama? Ruwa. Ruwan famfo. Jug guda, a tsaye, ba mai kallona."

Ban taɓa tunanin ƙishirwarsa ba. Wata biyar ina lissafin abin da aka hana ni, ban taɓa tambayarsa ba. Na fito na zauna a benci na yi kuka har wata tsohuwa ta miƙo mini alewa. Na taɓa na mayar mata.

Ya kamata hankalina ya kwanta tunda ba ni ba ce. Bai kwanta ba. In an hana rai, abu ya same ka. In an ba shi, ga Seruji a gado.

Alhamis, 31 ga Yuli, bayan Azahar



Na tafi kai oda, na tarar matar ba ta nan, na dawo da wuri ta ƙofar baya. Mak tana tsaye a kan tukunyar kununa. A hannunta kofi cike da madarar kwakwa, tatsar farko, mai kaurin nan. A gefe ga botar kek ɗina a buɗe da cokali a ciki, ga kwalbar gula apong kusa da butar shayina.

"Mak, mene ne wannan?"

"Kunu."

"A hannunki nake nufi."

Ba ta ɓoye ba. Ta ƙarasa zubawa, ta juya da ludayi.

"Kullum ranki yana biyawa ba kya ci. Haka za ki kwanta su yanka ki, da kwaɗayin wata biyar a kanki? Babanku kofi ɗaya ya bari, Siah. Ɗaya."

"Ai ina taɓawa! Har hayin kogi kika tura ni na taɓa!"

"Taɓawa."

"Mak, sati biyu sikeli bai motsa ba. Kin san abin da likita ya ce a kan baɗi. A gabanki ya faɗa."

Sai ta kashe wuta. Ta yi magana tana kallon tukunya, ba ni ba.

"Shi na riga na yi kukansa. Shekara biyu ina yi, duk ranar da suka soka masa allurar nan. Ke ban fara naki ba, kuma ba zan fara ba. Biyu na haifa. Ba zan ba su biyu su shiga da su ba."

Na faɗi kalmar da ba ma faɗa a gidan nan. Na ce in ya mutu fa. Da ƙarfi na faɗa, maƙwabta sun ji. Ta zame ta zauna a ƙasan kicin, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta rufe fuska da gefen zaninta. Ban ɗaga ta ba. Na ɗauki tukunyar na juye a kwata.

Juma'a, 1 ga Agusta, bayan Asuba

Na koma na karanta abin da na rubuta ran sha bakwai. Wai yunwa ce.

Ni da nake sa bota a harshe in faɗi ko an gauraya ta. Ni da nake gane madarar kwakwar jiya da ta yau daga ƙamshi. Tun cokalin farko na sani. Na sani na shanye, na miƙa kwano aka ƙara mini, sati biyu, ina tashi da safe ina zagin sikeli.

Tsoro nake ji. Tsoron wuƙar nake ji, da barcin da za su sa ni, da in farka da rami a ciki, da in ƙi farkawa. Ban faɗa wa kowa ba, kowa yana ce mini jaruma. Mak ce kaɗai ta gani.

Lahadi, 3 ga Agusta, da yamma

Na dawo girka nawa. Tukunyata a ɗakina take kwana. Mak ta daina tambayata me raina ya biya. Muna sallah a ɗaki ɗaya, muna wuce juna a kicin, ba ma haɗa ido.

Talata, 5 ga Agusta, da safe

Saba'in da takwas da ɗan kai. An sallami Seruji. Ya bugo ya ce, "Me kuka yi wa Mak? Ita take ramewa maimakonki." Na ce zafi ne. Ba zai taɓa ji daga bakina ba.

Juma'a, 8 ga Agusta, da azahar

Na gano wani abu. Duk lokacin da abinci ya fita daga kaina, abin da ke shigowa ya fi shi muni: fitilar nan ta saman gadon tiyata, da mutane masu rufaffen baki. Sai in yi maza in kira ayaba ta dawo. Yau ina datse gefen kek da gangan na riƙa jera abin da zan ci ɗaya bayan ɗaya, laksa, terubuk, naman kaza a cikin gora, don kar kaina ya zauna babu kowa. Da ina roƙon Allah Ya cire mini tunanin abinci. Yanzu ban san me zan roƙa ba.

Na daina taɓa komai. Ba jarumta ba ce, gajiya ce. Ina fita ina jin kamar wani yana bina a baya.

Litinin, 11 ga Agusta, bayan Asuba

Saba'in da bakwai. Jiri ya ɗebe ni a bakin kogi, na zauna a kan dutse har ya wuce.

Alhamis, 14 ga Agusta, bayan La'asar

Na shigo na tarar da kifi dafaffe a rufe a kan tebur, da kokwamba a yanke. Mak tana bakin ƙofa. Ta ce, "Ruwa da gishiri ne kawai. In ba ki yarda ba ki zubar." Na ɗanɗana. Ruwa da gishiri ne kawai. Na ci tana kallona, hawaye yana bin fuskarta, ba ta share ba. Wannan ne karon farko da na ci abinci a watannin nan ban ji ɗanɗanonsa ba.

Lahadi, 17 ga Agusta, bayan Magariba

Gobe. Ban san lambar da nake so in gani ba.

Litinin, 18 ga Agusta, bayan La'asar

Mak ta riga ni shiryawa. Ban ce ta zo ba, ba ta ce za ta zo ba, na dai fito na gan ta da jakarta a hannu. A asibiti muka tarar da Seruji a keken marasa lafiya, Hasmah tana riƙe da shi.

Na hau. Ban cire agogo ba, na manta. Nas Magdalen ta sunkuya ta duba, ta sake dubawa.

"Saba'in da biyar da ɗigo takwas. Napsiah, kin kai!"

Hasmah ta rungume ni tana salati. Seruji ya ce, "Ashe daga kunnen aka fara," amma muryarsa ta karye a tsakiya, ya juya fuska bango. Likita ya zo ya faɗi rana, tara ga Satumba.

Duk wannan Mak tana zaune a kujera da jaka a cinya. Da likita ya fita ta kira nas da hannu.

"'Yata, ranar, ɗaki ɗaya za a sa su?"

"A'a, Mak, ɗaki biyu. Amma lokaci ɗaya za a shiga da su."

"Kusa da juna?"

"Ita a wannan ƙarshen, shi a wancan."

Mak ta dubi Seruji, ta dube ni. Ta ce, "To ni ɗaya ce. A ƙofar wa zan tsaya?"

Nas ta sunkuyar da kai. Hasmah ta saki hannuna. Seruji ya buɗe baki, na riga shi. Na ce ta tsaya a tasa, shi ne mara lafiya, ni lafiyata ƙalau, barci kawai zan yi in tashi. Har dariya na yi. Ta gyaɗa kai ta ce to.

Ƙarya nake yi. A tawa nake so ta tsaya.